Maganar Kwararowar Hamada: Masana Kimiyya, Hukuma da Amincewar Talakawa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da suka zauna daram a Hausar rediyo da jaridu da jawaban hukuma akwai "kwararowar hamada", wadda wasu ke kira "gurgusowar hamada". Duk wanda ya dubi ginin wannan magana zai ga tana ɗauke da hoto guda, watau hoton rairayin Sahara yana malalowa kudu kamar ruwan ambaliya, yana cinye gonaki da garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan hoto yana da tarihi, kuma ana iya bin sawunsa tun daga rubuce-rubucen wasu Turawa na farkon ƙarni na 20. Manufar wannan maƙala ita ce bin wannan sawu a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, domin a ga yadda ra'ayin masana ya zama doka, da yadda dokar ta ɓata tsakanin hukuma da manoma, sa'an nan da yadda wasu masanan suka zo suka gyara abin da na farko suka faɗa. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, maganar ta daɗe tana aiki bayan an rushe hujjarta, saboda ta dace da bukatar masu iko da ƙasa, kuma abin da aka yi hasara a tsawon wannan lokaci shi ne amincewar talakawa.

2.0 Asalin Maganar

Tun a shekarar 1921 wani Bature mai suna E. W. Bovill, wanda ya zauna a arewacin Nijeriya, ya rubuta cewa Sahara tana matsowa cikin ƙasashen Sudan, ya kafa hujja da ƙafewar rijiyoyi da ƙaurar mutane a wajajen Sakkwato. Amma wanda ya fi kowa yayata maganar shi ne E. P. Stebbing, shehun malamin ilmin gandun daji a Jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aikin daji a ƙasar Indiya kafin ya koma koyarwa. A shekarar 1934 Stebbing ya ziyarci Afirka ta Yamma, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar a lokacin rani. A 1935 ya gabatar da lacca a gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, inda ya ce hamada tana ci gaba da kimanin kilomita guda a kowace shekara tun ƙarni uku da suka wuce, kuma birnin Kano kansa bai tsira daga haɗarin ba.

Laifin duka ya ɗora shi a kan mutanen ƙasa. A ganinsa, zaman lafiyar da mulkin Turawa ya kawo ya sa jama'a ta yawaita, sai sassabe da ƙunar daji da kiwon awaki suka tsiraita ƙasa. Maganin da ya bayar shi ne a keɓe manyan ɗamaru biyu na daji daga yamma zuwa gabas, a hana noma da kiwo da wuta a cikinsu, domin su tare rairayi.

Ba a zargin Stebbing da ƙirƙirar ƙarya, domin abin da ya gani da idonsa ya faɗa. Sai dai abubuwa uku sun karkatar da ganin nasa. Na farko shi ne lokacin zuwansa: wanda ya ga ƙasar Hausa a tsakiyar rani, ciyawa ta bushe, an kwashe amfanin gona, hazo ya rufe sama, in bai dawo da damina ba zai ɗauka ƙasar ta mutu. Na biyu shi ne horonsa: malamin gandun daji na wancan zamani an koya masa cewa lafiyayyar ƙasa ita ce mai rufaffen kurmi, saboda haka gona mai gawo da ɗorawa da kuka jefi-jefi a idonsa kurmi ne da aka lalata. Na uku shi ne yanayin zamanin: a daidai waɗannan shekaru guguwar ƙura tana kwashe ƙasar noma a tsakiyar Amurka, kuma tsoron zaizayar ƙasa ya cika zukatan ma'aikatan mulkin mallaka ko'ina. Bugu da ƙari, Faransawa sun riga sun saba da irin wannan bayani a Aljeriya, inda suka daɗe suna cewa Larabawa makiyaya ne suka mai da ƙasar hamada, suka kuma kafa hujja da hakan wajen karɓe dazuzzuka da filayen kiwo.

3.0 Binciken 1936 zuwa 1937

Maganar Stebbing ta tayar da hankalin gwamnatocin Ingila da Faransa, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji da na ƙasa. Daga watan Disamba na 1936 zuwa Fabrairu na 1937 kwamitin ya zagaya yankin kan iyakar Nijeriya da Nijar. A cikin wakilansa akwai André Aubréville daga ɓangaren Faransa, da Brynmor Jones, masanin duwatsu da ƙasa daga ɓangaren Nijeriya.

Kwamitin bai sami shaidar cewa rairayi yana tafiya kudu ba. Jigayin da suka tsorata Stebbing an tarar tsofaffi ne, ciyawa da itatuwa sun daɗe da ɗaure su. Ba a ga alamar ruwan ƙarƙashin ƙasa yana janyewa gaba ɗaya ba, kuma an ga ƙananan itatuwa suna tohowa a wurare da yawa. Abin da kwamitin ya yarda da shi shi ne akwai wuraren da sassabe ya yi yawa har ƙasa ta gaji, wanda matsala ce ta wuri-wuri mai bukatar magani na wuri-wuri. Jones ya buga bayaninsa a 1938, kuma a 1940 L. Dudley Stamp, sanannen masanin labarin ƙasa, ya goyi bayan wannan matsayi. Daga baya, a 1958, A. T. Grove ya nuna cewa jigayin ƙasar Hausa ragowar wata tsohuwar hamada ce ta dubban shekaru da suka shuɗe, watau shaida ce ta cewa hamada ta taɓa zuwa nan ta koma.

Ke nan tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu masana sun auna maganar sun ga ba ta tsaya ba. Duk da haka ba ta mutu ba. Aubréville kansa, a littafinsa na 1949, shi ya yaɗa kalmar Faransanci désertification, ko da yake abin da yake nufi da ita shi ne lalacewar daji ta hanyar sara da wuta a ƙasashe masu ruwa sosai. Da kalmar ta shiga bakin jama'a sai aka haɗa ta da tsohon hoton rairayi mai tafiya.

4.0 Dokar Daji da Manomi

Dalilin da ya sa maganar ta rayu yana cikin amfanin da hukuma ta samu daga gare ta. A ranar 4 ga Yuli, 1935, Faransa ta kafa dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta, wadda ta mai da dazuzzuka mallakar gwamnati, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. A Nijeriya ma dokokin daji sun ba gwamnati da hukumomin En'e ikon keɓe gandun daji da karɓar kuɗin izinin sara. Idan aka yarda cewa manomi da makiyayi su ne masu jawo hamada, to, hana su da cin su tara ya zama aikin ceto ƙasa, kuma ma'aikatar daji ta sami dalilin zamanta da hanyar kuɗin shigarta.

Kiyaye itace da doka ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Ana ruwaito cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Manomi kuwa ya san darajar gawo ba tare da an gaya masa ba: itace ne mai zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Abin da sabuwar doka ta kawo shi ne raba manomi da mallakar itacen da ke tsakiyar gonarsa. Bayan samun mulkin kai Nijar ta riƙe wannan tsari, ta sabunta shi a dokar daji ta 1974, inda gawo yake cikin itatuwan da aka tsare. Mutum zai iya shan tara saboda ya sassaƙe reshen itacen da ya tsiro a gonar gadonsa.

Sakamakon haka ya zama akasin abin da aka nufa. Itace ya zama abin jawo malamin daji zuwa gona, saboda haka mai hankali sai ya tumɓuke toho tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati. Har ila yau malaman gona suna koyar da cewa gona ta zamani ita ce wadda aka share ƙal domin garmar shanu da noman gyaɗa. Da itatuwa suka ragu a gonaki, sai raguwar ta zama sabuwar hujjar cewa talaka ba ya ƙaunar itace. Ta haka zato ya haifi doka, doka kuma ta haifi abin da ya yi kama da tabbacin zaton.

5.0 Farin 1968 zuwa 1974

Shekarun 1950 shekaru ne na ruwa mai yawa a yankin Sahel, har manoma suka yi ta matsawa arewa cikin ƙasar kiwo, abin da ya sa Nijar ta kafa dokar iyakar noma ta arewa a 1961. A wannan lokaci maganar hamada ta lafa. Daga 1968 ruwa ya fara ja baya, fari ya tsananta a 1972 da 1973, dabbobi suka mutu da yawa, yunwa ta kori mutane daga gidajensu. A Nijar zargin karkatar da abincin agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Tsofaffi a ƙasar Hausa sun san fari yana zuwa yana wucewa, domin ba su manta da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba. Amma duniyar waje tana neman bayani na gaggawa, sai aka kakkaɓe tsohuwar magana aka fito da ita.

Ayyuka biyu na kimiyya suka ba ta sabon ƙarfi, duka a 1975. Jule Charney, babban masanin yanayi a Amurka, ya kawo hasashen cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, farar ƙasar da ta rage takan mayar da hasken rana sama, wannan kuma yakan rage haɗuwar hadari. Charney ya gabatar da wannan a matsayin hasashe da ya gwada da lissafin kwamfuta, amma da ya isa ofisoshin masu ba da agaji sai ya zama tabbataccen zance cewa makiyaya ne suka kori ruwa. A wannan shekara kuma Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a arewacin Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya yanke cewa hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kimanin kilomita 5.5 a shekara. Taswirar an yi ta ne a zamanin ruwa, shawagin kuwa an yi shi a ƙarshen babban fari, kuma rahoton bai fito a buge ba sai 1988. Duk da haka adadin ya shiga jawaban shugabanni da littattafan makaranta, ana maimaita shi ba tare da an san inda ya fito ba.

A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a Nairobi a kan hamada, aka fitar da shirin yaƙi da ita. Kuɗi suka shigo, aka kafa gandayen renon itatuwa, aka dasa layukan darbejiya da turare. Wasu ayyukan sun yi amfani, alal misali layukan kare iska na kwarin Majiya a Nijar da aka fara a 1975. Amma da yawa daga cikin dashen sun mutu, saboda an dasa su a filin da ba na kowa ba, babu mai ba su ruwa, babu mai kare su daga awaki. Manomi yakan karɓi dashe a gaban baƙi, ya yi godiya, in sun tafi ya koma ga abin da ya sani.

6.0 Masana Sun Gyara Maganar Masana

Gyaran ya zo ne daga masu aune-aune na dogon lokaci. A shekarun 1980 Ulf Helldén da abokan aikinsa na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka koma yankin da Lamprey ya duba, suka gwada hotunan sama na shekaru daban-daban, ba su sami wannan tafiya ta hamada ba. A 1991 Compton Tucker da abokansa suka buga abin da taurarin ɗan'adam suka nuna: gefen Sahara na kudu ya matso kimanin kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ya koma arewa kimanin kilomita 110 cikin shekara guda da ruwa ya dawo. Watau gefen hamada yana kai da komowa ne gwargwadon damina.

Game da dalilin farin kansa, a 1986 Chris Folland da abokansa a Ingila suka nuna dangantaka tsakanin ruwan Sahel da zafin ruwan tekuna, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka nuna cewa sauyin zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin shekarun 1970 da 1980. Wasu binciken kuma sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa yana da hannu, domin ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, ya ja damina kudu. Ashe makiyayin da aka ɗora wa laifi yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa ne.

A ƙasar Kano kuwa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana komawa ƙauyuka guda, musamman Dagaceri a arewa maso gabashin tsohuwar Jihar Kano, yana rubuta yadda mutane ke tsallake fari. Littafinsa na 1989 ya nuna dabarunsu na sauya iri, da cin rani, da haɗa noma da kiwo da sana'a. Shi da J. A. Falola da wasu abokan aiki sun kuma gano cewa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a ta fi yawa, ana noma gona kowace shekara da taki, kuma itatuwan gona ba su ƙare ba duk da bukatar itacen girki ta birni, domin kowane itace yana da mai shi. Wannan ya rushe zaton cewa yawan mutane dole ya kawo hamada. Michael Watts ma, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa haraji da kasuwar zamanin Turawa sun raunana hanyoyin da jama'a ke bi su tsira daga yunwa. Abin da ya bambanta waɗannan masana da Stebbing shi ne sun ga rani sun ga damina, shekara da shekaru, kuma sun tambayi masu gona, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

7.0 Darasin Maraɗi da Damagaram

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Dabarar tana da asali a aikin manoma na dā, kuma aka riƙa kiranta sassaben zamani. A farin 1984 an haɗa ta da rabon abinci, amma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari, saboda ba su yarda itacen zai zama nasu ba.

Abin ya kama ne sosai lokacin da ma'aikatan daji na yankin suka sassauta, ƙarfin gwamnati a karkara kuma ya ragu a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, manomi ya ga zai iya sare reshensa ya sayar ba tare da tara ba. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka ƙara buɗe wannan hanya. Da Chris Reij da Gray Tappan da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, sai suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, wajen itace miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wannan adadi ƙiyasi ne, kuma dawowar ruwa bayan 1980 da wani abu tana da nata rabo a cikinsa, saboda haka ya kamata a riƙe shi da irin taka-tsantsan ɗin da ba a yi wa adadin Lamprey ba.

Duk da wannan, tsohon hoton bai gushe ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda a farkonsa aka tsara shi a matsayin ɗamarar dashe mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti, kusan abin da Stebbing ya nema a 1935. Daga baya masana suka matsa aka sauya fasalinsa zuwa gyaran ƙasa iri-iri tare da mutanen wuri. Rahoton 2020 ya nuna an gyara kimanin hekta miliyan 4 daga cikin miliyan 100 da aka yi niyya kafin 2030.

8.0 Kammalawa

Wannan tarihi bai nuna cewa lalacewar ƙasa tatsuniya ce ba. Akwai gonakin da suka zama fako, akwai jigayin da suka motsa suka rufe dausayi a arewacin Yobe da gabashin Nijar, kuma ɗumamar duniya tana ƙara wa yankin zafi. Haka kuma bai nuna cewa a daina sauraron masana ba, tun da masana ne suka gano kuskuren, tun daga kwamitin 1937 har zuwa masu nazarin tekuna. Abin da ya nuna shi ne, karkatar masani takan fito daga horonsa, da lokacin da ya yi kallo, da bukatar wanda ya aike shi, kuma hukuma takan zaɓi maganar da ta ƙara mata iko ta bar wadda ta rage shi. Rahoton kwamitin 1937 ya fi laccar Stebbing hujja, amma laccar ce ta yi tasiri fiye da shekara hamsin.

Talaka kuwa yana auna maganar masani ne da abin da ta jawo masa a gona. Inda ta zo masa da tara da zargi, ya ɓoye abin da ya sani, ya tumɓuke toho. Inda aka tabbatar masa itacen nasa ne, ya rena shi ba tare da an biya shi ba. Akwai kuma aiki a nan ga masana harshe da masu fassara da malaman makaranta, domin muddin "kwararowar hamada" ce kaɗai kalmar da ake koya wa ɗalibai, za su ci gaba da neman abokin gaba daga arewa, alhali gajiyar ƙasa da farfaɗowarta suna faruwa ne a cikin gonar kowa, gwargwadon ruwan shekara da kuma wanda doka ta ce shi ne mai itacen.